Ɗigo Ya Ƙaru, Rubutu Ya Ƙanƙance: Yadda Laftof Ke Daidaita Girman Abin Da Ke Kan Allo

Ƙorafi iri uku ake yawan ji daga mutanen da suka ajiye tsohuwar laftof suka sayi sabuwa mai allo na zamani. Wani zai ce rubutu ya ƙanƙance, sai ya matso da fuska ya kanne ido kafin ya karanta. Wani zai ce girman rubutun lafiya lau, amma wasu manhajoji suna fitowa dishi-dishi alhali Word da Chrome suna nan tar. Na uku kuwa ƙarin kuɗi ya biya ya ɗauki mai Full HD don ya riƙa ganin layukan Excel da yawa a lokaci guda, sai ya tarar layukan ba su ƙaru ba, sun ma ragu. Allon bai lalace ba, mai shago kuma bai yi ha'inci ba. Duka ukun daga lamba ɗaya suke tasowa, wadda ke zaune cikin saitin allo: 100%, 125%, 150% ko 200%. Ita ce ma'aunin girma, kuma wanda ya gane aikinta zai san abin da kuɗinsa ya saya masa da abin da bai saya ba.

Ɗigo ba shi da tsayayyen girma

Allon kwamfuta jerin ɗigo-ɗigo ne masu haske, waɗanda ake kira fiksal, kowane ɗaya da ja da kore da shuɗi a cikinsa. Idan aka ce allo 1920 × 1080 ne, ana nufin ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, jimilla 2,073,600. Lambar ta faɗi yawan ɗigon, amma ba ta faɗi girman kowane ɗigo ba. Wannan sai an san faɗin gilashin da aka cusa su a ciki.

Mu ɗauki inci 15.6, girman da ya fi yawa a kasuwa. Idan allon 1366 × 768 ne, irin na yawancin laftof ɗin hannu da ake samu da araha, kowane inci yana ɗauke da ɗigo kusan 100. Idan 1920 × 1080 ne, wato Full HD, ɗigo 141. Idan 4K ne, wato 3840 × 2160, ɗigo 282. Gilashin bai ƙara ko milimita ɗaya ba, ɗigon ne suka yi ta ƙanƙancewa don su samu wuri.

Mai ɗinkin hula ya san wannan. Idan zanen da zai fitar sukar allura arba'in ne, ya kuma koma amfani da siririn zare da matsattsen ɗinki, zanen zai fito ƙarami. In yana son girman ya zauna yadda yake, dole ya ninka yawan sukar, kuma a nan ne zanen ke fitowa da kyan da mai kaurin zare ba zai iya ba. Haka harafi yake a kan allo. Rubutu mai lamba 12 a Word, a tsohon lissafin Windows, tsayin ɗigo 16 ake ware masa. A allo mai ɗigo 100 a inci, wannan kusan milimita 4 ne, ana karanta shi cikin sauƙi. A allon 4K mai inci 15.6, ɗigo 16 ɗin nan ba su kai milimita ɗaya da rabi ba. Mai ƙorafin farko a nan matsalarsa take.

Inda 96 ta samo asali

Lokacin da Apple ya fitar da Macintosh a 1984, allonsa mai ɗigo 512 × 342 an ɗora shi ne a kan ɗigo 72 a inci, daidai da awon masu ɗab'i, waɗanda ke raba inci gida 72 wajen auna haruffa. Manufar ita ce abin da ka gani a allo ya zo daidai da abin da zai fito a takarda. Microsoft ya zaɓi 96, wato ƙarin kashi ɗaya bisa uku, saboda mutum ya fi nisa da allo fiye da yadda yake riƙe takarda, kuma ƙananan haruffa suna buƙatar ƙarin ɗigo kafin su karantu.

Shekara da shekaru yawancin allunan kwamfuta ba su yi nisa da wannan lamba ba, don haka masu rubuta manhaja suka saki jiki. Maɓalli ɗigo kaza, taga ɗigo kaza, tambari 32 × 32, duk a rubuce a kafe cikin manhaja, kamar ɗigo awo ne irin inci. Wayar iPhone 4 ce ta fara girgiza wannan zato a 2010, da ɗigo 326 a inci, ninki biyu na wayar da ta gabace ta. A watan Yunin 2012 Apple ya kawo tsarin cikin laftof, MacBook Pro mai inci 15.4 da ɗigo 2880 × 1800. A 2013 sai ga laftof ɗin Windows irin Lenovo Yoga 2 Pro, mai ɗigo 3200 × 1800 a inci 13.3. Allo ya yi gaba, dubban manhajoji suna nan a kan 96.

Aikin ma'aunin girma

Maganin da aka samo shi ne a raba ɗigo gida biyu. Akwai ɗigon zahiri, wanda ke haskawa a gilashi. Akwai kuma ɗigon lissafi, wanda manhaja ke aunawa da shi. Ma'aunin girma shi ne ke faɗin ɗigon zahiri nawa za a bai wa kowane ɗigon lissafi. A 100% ɗaya ne ga ɗaya. A 200% kowane ɗigon lissafi yana samun biyu a kwance da biyu a tsaye, huɗu ke nan. A lissafin Windows, 125% na nufin 120 a madadin 96, 150% na nufin 144, 200% kuma 192.

Daga nan ƙa'ida mafi amfani a wannan batu ta fito: raba yawan ɗigon allo da ma'aunin, abin da ka samu shi ne filin aikinka na gaskiya. Allon 1920 × 1080 a 125% yana ba da fili na 1536 × 864. Shi ɗin dai a 150%, wanda Windows kan zaɓa wa laftof mai inci 13 ko 14, yana ba da 1280 × 720, ƙasa da tsohon 1366 × 768. Ga amsar mai Excel: ɗigonsa sun ninku, amma layukansa sun ragu, domin ƙarin ɗigon an kashe shi ne wajen kyautata haruffa. Allon 4K mai inci 15.6 kuma, a 250% da Windows kan ba shi, yana komawa 1536 × 864, daidai da na Full HD a 125%. Laftof biyun nan, in aka jera su, girman rubutu ɗaya ne, yawan layuka ɗaya ne. Bambancin kawai shi ne kowane harafi a na 4K an zana shi da ɗigo ninki huɗu.

Windows ba da ka yake zaɓen lambar ba. Allon da kansa yana sanar da kwamfuta yawan ɗigonsa da tsayinsa da faɗinsa, sai Windows ya haɗa wannan da nisan da ake zaton mutum zai zauna, ya ba da shawarar ma'auni.

Ribar wannan tsari a rubutu ta fi fitowa. Harafi mai lamba 10 tsayin ɗigo 13 yake samu a 100%, don haka lanƙwasar da ta bambanta ɗ da d, ko ƙ da k, ɗigo biyu ko uku ne kacal. A 200% tsayin ya kai ɗigo 27, lanƙwasar ta fito sarai. Mai karanta ajami ko Larabci mai wasali ya fi kowa ganin bambancin, domin ɗigon haruffa da wasula da shadda suna cunkushe a ɗan ƙaramin wuri, kuma a allo mai ƙarancin ɗigo sukan haɗe da juna.

Sake zanawa da miƙewa

Hanya biyu ake ƙara wa abu girma a allo, kuma a nan gizo ke saƙa. Ta farko ita ce a sake zana shi daga tushe. Haruffan zamani ba hotuna ba ne, umarni ne na lissafi da ke bayyana lanƙwasa da miƙewar kowane harafi, don haka ana iya zana su a kowane girma su fito fes. Ta biyu ita ce a zana abin a ƙarami, sannan a ja shi kamar yadda ake zuƙo hoto. Duk abin da aka ja, ba a ƙara masa wani sabon bayani ba, sai dai kwamfuta ta cike gibin da launi na tsaka-tsaki, gefunan su narke.

Ko a wajen sake zanawa, ma'auni mai ɓurɓushi yana da nasa ciwon kai. Siririn layin da ya raba gidajen jadawali kaurinsa ɗigo ɗaya ne. A 200% ya zama biyu, babu gardama. A 150% ya kamata ya zama ɗaya da rabi, rabin ɗigo kuwa babu shi. Ko dai a mayar da shi ɗaya, ko biyu, ko a haska cikakken ɗigo ɗaya a ƙara masa wani mai rabin duhu. Shi ya sa wani lokaci a jadawali ɗaya za ka ga wani layi ya fi wani kauri. Manyan manhajoji uku, Windows da macOS da Linux, kowacce ta tunkari wannan matsala ta tata hanyar.

Windows: an ɗora nauyin a kan manhaja

Windows yana faɗa wa manhaja ma'aunin, ya bar ta ta zana kanta kai tsaye a kan ɗigon zahiri. Idan manhajar ta iya, sakamakon yana fitowa tar ko da a 125% ko 175%. Idan ba ta iya ba, sai a shiga dabaru, kuma manhajoji sun kasu kashi-kashi.

Akwai waɗanda ba su san da zancen ba kwata-kwata. Tun daga Windows Vista, abin da ake yi musu shi ne a ce musu allon 96 ne, su zana tagarsu a ƙarama, sannan Windows ya ja ta. Girma ya yi daidai, amma rubutu ya yi hazo. Tsofaffin manhajojin lissafin kuɗi da na firinta da tagogin girka manhaja sun fi faɗawa a nan, kuma su ne abin da mai ƙorafi na biyu yake gani.

Akwai waɗanda ke tambayar ma'auni sau ɗaya, na babban allo, su riƙe shi. Suna fitowa lafiya har sai an canja ma'auni ko an jona wani allo, daga nan su ma a koma jan su. Dalilin da ya sa fita daga akawun a sake shiga yakan wanke dishi-dishin ke nan. Windows 8.1 na 2013 ya kawo kashi na uku, masu sauraron kowane allo daban, su sake zana kansu da zarar an matsar da su. An inganta wannan a sabuntawar Windows 10 ta watan Afrilun 2017. Sai kuma masu ɓata lissafi: manhajojin da suka shaida wa Windows cewa sun iya, alhali ba su iya ba. Windows ya ƙyale su, su kuma su fito da tambura da maɓallai ƙanana ƙwarai.

Irin waɗannan suna da magani ɗaya bayan ɗaya. A danna dama a kan manhajar, a shiga Properties, sai Compatibility, sai Change high DPI settings. Zaɓin Application yana hana Windows ja, rubutu ya fito tar amma mai yiwuwa ƙarami. System yana tilasta ja, girma ya daidaita amma da hazo. System Enhanced yana ƙoƙarin sake zana rubutun da kyau ya ja hotuna kawai, kuma yana aiki ga wasu tsofaffin manhajoji, ba duka ba.

Mac: ninki biyu, sannan a rage

Apple ya guje wa ɓurɓushi tun daga tushe. A macOS manhaja ma'auni biyu kawai ta sani, ɗaya da biyu. To idan mutum yana son fili fiye da rabin ɗigon allonsa fa? Mu ɗauki MacBook mai inci 13.3 da ɗigo 2560 × 1600. Rabinsa 1280 × 800 ne, wanda ya yi wa mutane da yawa kaɗan. Idan aka zaɓi fili na 1440 × 900, kwamfutar tana zana dukan allon a ninki biyu, 2880 × 1800, sannan ta matse hoton ya shiga 2560 × 1600. Kowane ɗigo tara ana cusa su a gurbin takwas.

Ribar ita ce babu manhajar da ke fitowa ƙarama ko katuwa, komai yana tafiya bai ɗaya. Hasarar ita ce kwamfuta tana zana ɗigo sama da miliyan 5 don allo mai miliyan 4 da ɗoriya, kuma komai yana ɗan rage kaifi, kodayake ɗigon sun yi ƙanƙantar da ido da wuya ya lura. Kamfanin da kansa ya fi son daidaitaccen ninki: allon iMac mai inci 27 na 2014 an yi shi 5120 × 2880 ne don ya zama ninki biyu na 2560 × 1440, haka MacBook Pro mai inci 14 na 2021, mai 3024 × 1964, yana buɗewa a 1512 × 982.

Linux da shafukan intanet

A Linux tsohon tsarin X11, wanda ya faro tun 1987, ba a gina shi da tunanin allo biyu masu ma'auni daban ba. Wayland da ya gaje shi ya fara da cikakkun lambobi kawai, 100% da 200%, mai son 150% sai a yi masa dabara irin ta Mac. A ƙarshen 2022 aka ƙara masa ƙa'idar ma'auni mai ɓurɓushi, KDE Plasma 5.27 kuma ya karɓe ta a farkon 2023. Tsofaffin manhajojin X11 da ke gudana a ƙarƙashin Wayland su ne suka fi fitowa dishi-dishi.

Shafukan intanet ma da ɗigon lissafi suke aiki, wanda aka ɗora a kan 96 ɗin nan. Shi ya sa rubutu a burauza kullum tar yake, amma hoto ba lallai ba. Hoton da aka ware masa faɗin 400 a shafi yana buƙatar ɗigo 800 na zahiri a 200%. Shafin da aka tsara da kyau zai aiko da babban hoton, wanda ya fi cin data, wanda ba a tsara ba kuma zai aiko da ƙarami a ja shi.

Idan allo ya zama biyu

Nan ne rikici ya fi yawa. Laftof tana 150% ko 200%, an jona monita mai inci 24 da 1920 × 1080, wanda ɗigonsa 92 ne a inci, 100% ke dacewa da shi. In aka jawo taga daga wannan zuwa wancan, a Windows za ta yi tsalle ta canja girma lokacin da fiye da rabinta ya ƙetare. Manhajar zamani za ta sake zana kanta, tsohuwa kuma a ja ta ko a matse ta. Haka abin yake da majigi a ɗakin taro ko aji. Idan aka zaɓi allo biyun su nuna abu ɗaya, dole su yi tarayya a yawan ɗigo ɗaya, galibi na majigin, sai allon laftof ya koma dishi-dishi. Zaɓin faɗaɗa allo, inda kowanne ke cin gashin kansa, yana barin kowane allo da ɗigonsa da ma'auninsa.

Ina iyakar amfanin?

Ido yana da iyaka. Mai lafiyayyen gani a awon asibiti yana bambance abubuwa biyu da ke da tazarar kashi ɗaya bisa sittin na digiri. A nisan santimita 50, inda ake zama da laftof, wannan ya kama ɗigo kusan 175 a inci. A santimita 30, inda ake riƙe waya, kusan 290. Ke nan tashi daga 100 zuwa 141 kowa zai gani. Tashi daga 141 zuwa 216, wato 2560 × 1600 a inci 14, shi ma a bayyane yake, musamman a rubutu. Daga nan zuwa 282 ribar ta fara yin kaɗan, sai ga masu gyaran hoto da bidiyo.

Kuɗin da ake biya kuwa bai tsaya a shago ba. Allon 4K yana da ɗigo 8,294,400 da dole a riƙa sabuntawa, kuma a allon LCD, ƙananan ɗigo suna tare haske fiye da manya, don haka fitilar baya sai ta ƙara ƙarfi. Duka biyun batir suke sha. Ga wanda ke aiki inda wuta ba ta da tabbas, awa ɗaya ta ƙarin caji na iya fin kaifin da ido bai cika gani ba.

Abin da ya kamata a yi

Kuskuren da aka fi tafkawa shi ne rage yawan ɗigon allo don rubutu ya girma. Allon 1920 × 1080 da aka tilasta wa nuna 1366 × 768 ba zai rage ɗigonsa na zahiri ba, jan hoton zai yi, komai ya zama dishi-dishi, har da manhajojin da ke da lafiya. A bar yawan ɗigo a kan na asali, a taɓa ma'aunin girma kawai. Masu wasan gem ne kaɗai ke da hujjar ragewa, don samun sauri. Wanda rubutu kawai ya yi wa ƙanƙanta, kamar yadda yakan faru bayan shekara arba'in, yana iya ƙara girman haruffa su kaɗai a sashen Accessibility na Windows, har zuwa 225%, ba tare da ya kumbura komai ba. Ma'aunin da mutum ke rubutawa da hannu, irin 110% ko 135%, gara a bar shi, domin yana hawa kan dukan allunan da aka jona lokaci guda.

Mai shirin saye kuma ya yi lissafin nan tun kafin ya biya: yawan ɗigo a raba da ma'aunin da idonsa zai iya zama da shi. In fili yake nema don jadawali da tagogi biyu a jere, inci zai ƙara, ko ya sayi monita, domin ɗigo ba ya faɗaɗa gilashi. In kaifin rubutu yake nema, ya nemi allon da ninki biyu zai ba shi isasshen fili, irin 2880 × 1800 a inci 14, wanda ke komawa 1440 × 900 a 200%. In kuma aikinsa ya dogara da wata tsohuwar manhaja ta ofis, ya nemi a buɗe masa ita a kan laftof ɗin, a ma'aunin da zai riƙa amfani da shi, ya duba rubutunta da maɓallanta kafin kuɗi su bar hannunsa.